Sunan Kayanka Dukiyarka Ne: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



An ce in yi magana a kan tambarin kaya, wato suna ko alamar da ɗan kasuwa ke mannawa a kayansa don a san nasa ne. Ni ba lauya ba ne, ɗan kasuwa ne kamarku. Wuya ce ta koya mini abin da zan faɗa, shi ya sa zan fara da abin da ya same ni.

Na yi shekaru ina sayar da turaren wuta da humra a Kasuwar Monday. Na sa wa kayan sunan mahaifiyata, da hoton dabino a jikin kwalba. Allah Ya sa albarka, har daga Kano da Abuja ake aiko da saƙo. Ran nan sai wata Hajiya ta zo da kwalba tana faɗa, wai na cuce ta a kayan auren 'yarta, turaren ƙauri kawai yake yi. Na karɓa na duba. Dabinon nawa ne, launin nawa ne, harafi ɗaya kurum aka sauya a sunan. Wallahi ni kaina sai da na duba sau biyu.

Na ɗauki takardata ta hukumar CAC na je wajen lauya ina cika baki. Ya karanta, ya ce, "Alhaji, wannan rajistar sunan kasuwancinka ce. Ina ta tambarin kayan?" Na ce ai ita ke nan. Ya ce a'a. To jama'a, wannan shi ne kuskuren da yawancinmu muke ciki. CAC tana rajistar kamfani da sunan kasuwanci. Tambari kuwa ofishinsa daban, yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Lambar NAFDAC ma ba ita ba ce, ita shaidar ingancin kaya ce.

Dokar tambari ta Nijeriya tun 1965 aka yi ta, kuma a 2023 aka yi mata gyara ta haɗa har da masu ayyukan hidima, kamar masu otal da masu sufuri. Ga yadda ake rajistar. Da farko a bincika ko wani ya riga ka ɗaukar sunan. Sai a shigar da takarda. In ofishin ya amince, a buga tambarin a mujallarsa, a jira wata 2 ko akwai mai ja. In babu, a ba ka satifiket. Yana aiki shekara 7, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14. An kasa kaya da ayyuka aji 45. Turare da sabulu aji na 3 ne, yadi na 24, tufafi da hula na 25, yaji da shinkafa na 30. Ajin da ka yi rajista a ciki shi ne naka, don haka ka gaya wa lauyanka duk abin da kake sayarwa.

Mai satifiket in an kwaikwaye shi, Babbar Kotun Tarayya zai je, kuma akwai ta nan Maiduguri. Kotu na iya hana mai jabun ci gaba, ta sa shi biyan diyya. Wanda bai yi rajista ba shi ma yana iya ƙarar mai sojan gona da kayansa, amma sai ya kawo hujjar cewa jama'a sun san sunan da shi, kuma an ruɗe su. A 1961 wani kantin magani a Onica mai suna Niger Chemists ya kai ƙarar wasu da suka buɗe nasu a titi ɗaya da shi suka sa masa Nigeria Chemists. Kotu ta hana su amfani da sunan. Amma kun san shari'a, hujja take so. Ni da na tashi neman tsofaffin rasiɗai, rabi babu. Daga ƙarshe dattawan kasuwa ne suka zaunar da mu, yaron ya ba da haƙuri, aka ƙona takardun da ya buga. Cinikin da na rasa kuwa bai dawo ba sai bayan shekara biyu.

Wani darasin kuma. Kamfanin Ferodo mai kayan birkin mota ya yi ƙarar kamfanin Ibeto, wai kwalinsa ya yi kama da nasa. A 2004 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar, ta ce sunan Ferodo shi ne tambarin, adon kwalin bai shiga ciki ba, kuma sunan kayan Ibeto daban ne. Kun ga babban kamfani ke nan, ina ga ni da kai? Idan hoton kwalbarka shi mutane suka sani, musamman iyayenmu da ba sa karatun boko, to ka tabbata hoton ya shiga rajistar.

Mu na Maiduguri muna da ƙarin abin lura guda biyu. Na ɗaya, kayanmu suna tsallakawa Kusiri da Njamena da Diffa, alhali rajistar Nijeriya a bakin iyaka take tsayawa. Kamaru da Chadi da Nijar suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17. Na biyu, mun ga gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, mun ga ambaliyar Alau a Satumban 2024. Mutane nawa ne a zauren nan suka wayi gari ba shago ba kaya? Waɗanda suka farfaɗo da wuri, sunansu ne ya tashe su, aka ba su kaya bashi, masu saye suka neme su. Wuta da ruwa ba sa cin suna, amma mai jabu yana ci. Ku ɗauki hoton takardunku da waya, ku ajiye kwafi a wani gari.

Saura magana ga mu kanmu, don mai jabun nan ba daga sama ya faɗo ba, ɗan unguwarmu ne. Wani zai ce ai suna ba kaya ba ne, ba a satarsa. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu hadisin da Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya yi kakkausan gargaɗi a kan algus. A 1988 kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙi ne na mai shi, bai halatta a taɓa ba. Mai jabu mutum biyu ya cuta, mai sunan da mai saye. Mu kuma baƙi ne da mutanen Borno suka karɓa hannu biyu tun zamanin kakanni. In ɗayanmu ya yi algus, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Bahaushe.

Shawarata ga ƙungiya, Malam Shugaba, a nemi lauya guda amintacce, a tattara masu son rajista a yi tare don a samu sauƙin kuɗin aiki. A kuma buɗe littafi a ofis, kowa ya ajiye samfurin tambarinsa da ranar da ya fara amfani da shi. Littafin ba zai maye gurbin satifiket ba, amma zai taimaki dattawa wajen sulhu.

Abin da na yi daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, a yafe mini. Allah Ya ba mu halal, Ya zaunar da Borno da Nijeriya lafiya.