Yadda Injin Bincike Ke Auna Nauyin Kalma: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



An umarce ni da in yi ɗan bayani a kan sana'ata, wato aikin kwamfuta. Na zaɓi tambaya guda: idan mutum ya rubuta kalma a injin bincike, yaya injin ke sanin takardar da zai ɗora a sama da wadda zai bari a ƙasa?

Amsar farko ita ce ƙirga. A shekarar 1957 Hans Peter Luhn na kamfanin IBM a Amurka ya kawo shawarar cewa yawan fitowar kalma cikin rubutu yana nuna muhimmancinta. Wato takardar da ta ambaci “gyaɗa” sau goma ta fi kusa da zancen gyaɗa bisa ga wadda ta ambace ta sau ɗaya.

To, amma ƙirga kaɗai ba ta isa ba. Ku duba “da” ko “na” a Hausa: babu shafin da ba su cika ba, kuma ba su gaya maka abin da shafin ya ƙunsa. Don haka a 1972 Karen Spärck Jones ta Jami'ar Kambirij a Ingila ta nuna cewa kalmar da ke cikin kusan kowace takarda a rage mata nauyi, wadda ba a cika samu ba kuwa a ƙara mata.

Saura matsala guda. Shin wanda ya ce “gyaɗa” sau 100 ya fi wanda ya faɗa sau 10 ilimin gyaɗa har ninki goma? Ko kusa. A shekarun 1990 masu wayo sun riƙa cusa kalma ɗaya ɗaruruwan sau a shafukansu na intanet don su hau sama, mai nema kuwa ya tashi a tutar babu. Manhajar Lucene, wadda Doug Cutting ya fara a 1999, ta rage wa maimaici ƙarfi kamar haka: fitowa 4 maki 2, fitowa 9 maki 3, fitowa 100 maki 10. Makin na tafiya a hankali, amma ba shi da iyaka.

Stephen Robertson da abokan aikinsa a Landan sun fito da wani lissafi mai suna BM25 a 1994. Hikimarsa irin ta mai ƙishirwa ce: kofin farko shi ne magani, na biyu ƙari ne, na goma kuwa ba ya ƙara kome. A asalin lissafin, ga takarda mai matsakaicin tsawo, fitowa 1 maki 1, fitowa 2 kusan 1.4, fitowa 10 kusan 2, kuma ko sau dubu aka maimaita ba za a wuce 2.2 ba. A 2016 Lucene da Elasticsearch suka mai da shi lissafinsu na yau da kullum.

A nan ne mai aiki ke da ta cewa, domin lissafin yana da maɓallai biyu. Na farko, k1, shi ke cewa yaushe kalma za ta ƙoshi. Galibi yana kan 1.2. Idan ka ɗaga shi, maimaici zai daɗe yana ƙara maki, abin da ya dace da dogayen littattafai. Idan ka mai da shi sifiri, fitowa ɗaya da fitowa hamsin duk ɗaya ne. Na biyu, b, yana kan 0.75, shi ne ke hana doguwar takarda cin nasara don tsawonta kawai.

Alal misali, a ce ƙungiyarmu ta zuba rajistar ɗalibai a kwamfuta. Wanda sunansa da na mahaifinsa iri ɗaya ne, sunan zai fito sau biyu, sai injin ya ɗora shi a kan sauran masu sunan ba da wani dalili ba. Maganin abin shi ne a kashe ƙirgar maimaici a gurbin suna, a bar ta a gurbin tarihin mutum.

Bugu da ƙari, injin ba ya jin Hausa sai an koya masa. Idan ba a gaya masa cewa “gida” da “gidaje” asalinsu ɗaya ba, ƙirgarsa za ta rabu biyu. Idan kuma aka share lanƙwasar ƙ, “ƙasa” da “kasa” za su zama abu guda, ƙirga ta lalace.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa da ke kula da ɗakunan karatu, da ofisoshin rajista, da gidajen jarida: kada ku karɓi injin yadda aka kawo shi. Ku tsara tambayoyin da kuka san amsarsu, ku gwada, ku juya maɓalli ɗaya, ku sake gwadawa. Takardar da injin ya tura can ƙasa, daidai take da wadda ta ɓace.

Malamanmu da suka koya mana lissafi da nahawu, ga inda darussan nan biyu suka haɗu.