Gidan Ɗan Hausa: Ginin Ƙasar da Boko Ya Fara Sauka a Kano



Wanda ya ratsa Nasarawa ta Kano a yau, da ofisoshinta da titunanta, da wuya ya yarda cewa a 1909 wurin ƙauye ne a bayan ganuwa, gandun sarki da gonaki. A nan aka buɗe makarantar da ake ɗauka ita ce ta farko da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a Arewa. Abin da nake son mu duba shi ne ginin da ya karɓi baƙuncinta, domin a ganina zaɓen ginin ƙasa yana cikin dabarun da aka bi aka shigo da boko.

Mai makarantar shi ne Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa, daga baya ya zama ɗan Ingila ya shiga aikin gwamnati a Borno. A 1906 ya keto Sahara daga Tarabulus zuwa Borno tare da ayari. Jin Hausarsa da sanin al'ada suka sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. A zamanin Gwamna Girouard aka ɗora masa tsara ilimi, a Kano kuma Sarki Abbas ne a kan gado. Ya fara da ajin malamai, sannan na 'ya'yan sarakuna, da elemantare, da sashen sana'a. Da Hausa ake koyarwa, cikin haruffan boko, shi ne ma ya fitar da ƙa'idojin rubutun a 1912.

Vischer ya san abin da iyaye ke tsoro: kada a mayar musu da 'ya'ya Nasara. Saboda haka yaron da aka turo daga Katsina ko Zazzau, in ya iso, ba ya tarar da abin da idonsa bai saba ba. Soro ne irin na gidan ubansa. Gidan da Baturen ya zauna ma, wato Gidan Ɗan Hausa, ya same shi ne a tsaye, ya gyara ya faɗaɗa da hannun maginan Kano. Ba na cewa ƙauna ce zalla. Akwai araha, akwai siyasa.

Mu matsa kusa da bangon. Da tubali aka tayar da shi, wato curin ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, aka mulmula da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, aka shanya a rana. Magini yana jera su kai na kallon sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri ƙwarai a ƙasa, yana sirancewa in ya yi sama, abin da ya ba shi ƙarfin ɗaukar bene ke nan. Wannan kaurin ne kuma ke tare zafi: kafin rana ta ratsa shi yamma ta yi, sai ya riƙa sakin ɗumin da dare. Ɗaki irin wannan yakan yi sanyi da rana ko a tsakiyar bazara.

Rufin ya fi komai nuna gwaninta. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma tana da iyaka: in tazara ta wuce kamar mita biyu, sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. To yaya za a rufe ɗakin da zai ɗauki jama'a? Maginan Hausa sun warware wannan da bakan gizo. Ana dasa azara a bango, a ɗora wata a kanta tana ɗan leƙowa gaba, a ɗaure da igiya, a bi da ƙasa, daga ɓangarori biyu har su haɗu a tsakiya. Idan bakuna suka gitta juna, rufin ya rabu gida-gida, kowane gida azara na iya ƙetare shi. A waje kuma ga zankwaye a kan kusurwa, ga indararo yana jefa ruwan sama nesa da gindin bango, ga makuba ta ɓawon ɗorawa da ake shafawa don ruwa ya zame. Rufin ɗaki kuwa laso ake yi masa, da katsin marina.

Makarantar ba ta daɗe a Nasarawa ba. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 Vischer ya tafi, aka koma ga makarantun larduna, a 1922 kuma aka buɗe Kwalejin Katsina, ita ma ginin ƙasa. Gidan Ɗan Hausa kuwa ya ci gaba da zama masaukin jami'an Turawa, yau yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Elemantarorin En'e na ƙauyuka ba su yi wannan sa'ar ba. Da guguwar ilimin firamare kyauta ta 1976 ta zo, bulo da kwano suka zama alamar ci gaba, aka bar ajujuwan ƙasa ga damina.

Shawarata ga masu kula da irin waɗannan gine-gine ta shafi siminti. Bangon ƙasa yana shan laima yana fitarwa. In aka lulluɓe shi da filasta, laimar ta maƙale a ciki, filastar ta tsage, ruwa ya shiga, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, sai wata rana a ga ɓangare guda ya zube. Abin da yake bukata shi ne yaɓe bayan kowace damina, da share bakin indararo kafin ruwa ya sauka. Wannan na nufin a ware kuɗinsa a kasafin kowace shekara, a kuma ɗauki magina na gargajiya aiki na dindindin, kowanne da yaransa masu koyo, tun da sauran dattawan da suka iya ɗaura baka.