Karma, Dawowar Rai, da Wahalar Marar Laifi a Koyarwar Kirista



Tambayar da aka ɗora mini ita ce: shin Kirista zai iya riƙe Littafi Mai Tsarki a hannun dama, ya riƙe karma da dawowar rai a hannun hagu, ba tare da ɗaya ya suɓuce masa ba? Amsata, ba zai iya ba. Sai dai hujjar da aka saba bayarwa, wai "ai babu shi a Littafi", ba ta ishe ni ba. Saɓanin ya fi haka zurfi, kuma a kan mutum guda ya tsaya: wanda yake shan wahala alhali bai yi laifin komai ba.

Kada a ɗauka maganar ta 'yan boko ce zalla. A binciken da cibiyar Pew ta fitar a 2018, kashi 29 cikin 100 na Kiristocin Amurka sun ce sun yarda rai na dawowa duniya cikin wani jiki. Mu ma nan, duk wanda ya taso da finafinan Indiya ya san Karan Arjun na 1995, inda aka kashe 'yan'uwa biyu, aka sake haifarsu a wasu gidaje, suka dawo suka ɗaukar wa uwarsu fansa. Yau in wani azzalumi ya faɗi warwas, sai ka ji matasa na cewa karma ce ta kama shi.

A Indiya, inda akidar ta fito, ba haka take da sauƙi ba. Tun a littattafan Upanishad, ƙarnuka kafin haihuwar Yesu, an koyar cewa kowane aiki yana da 'ya'ya, kuma in 'ya'yan ba su nuna a wannan rayuwa ba, za su nuna a ta gaba. Mabiya Hindu sun ce rai ɗaya ne yake sauya jiki. Buddha bai yarda akwai dawwamammen rai ba, amma ya yarda sakamakon aiki na haifar da wata rayuwa. Mabiya Jain kuwa suna ganin karma wani siririn abu ne da ke manne wa rai yana yi masa nauyi. Abin da suka haɗu a kai shi ne dawowa ba albishir ba ce, ƙangi ce, kuma burin mai addini shi ne ya kuɓuta daga kewayen. Turawan da suka ari akidar, musamman bayan kafa ƙungiyar Tiyosofi a New York a 1875, su ne suka mayar da ita wata dama ta biyu mai daɗin ji.

Mu ba akidar haƙƙinta. Ga jariri an haife shi da sikila, ga wani an haife shi rana ɗaya lafiya lau a gidan mai hali. Wane ne cikinmu bai taɓa tambayar dalili ba? Karma ta ce lissafi ya cika, babu wanda aka zalunta, kowa bashinsa yake biya. Shi ya sa masanin zamantakewa ɗan Jamus Max Weber ya ɗauke ta a matsayin amsa mafi tsari da ɗan Adam ya taɓa ba matsalar wahala. Tsarin nata kuwa ya dogara ne ga sharaɗi ɗaya: kada a sami marar laifi cikin masu kuka.

To, littafin Ayuba gaba ɗayansa a kan wannan sharaɗi ya yi faɗa. Tun farko an shaida wa mai karatu cewa Ayuba adali ne. Dukiya ta tafi, 'ya'ya goma suka mutu rana ɗaya, miyaku suka rufe jikinsa, ya zauna cikin toka yana susa da tsingaro. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka zo jaje. Kwana bakwai suka yi zaune ba su ce uffan ba, kuma a ganina nan ne kaɗai suka yi abin kirki. Da suka buɗe baki sai suka shiga lissafi: Allah ba ya zalunci, saboda haka ka bincika kanka, akwai abin da ka ɓoye. Bildad har ya ɗora wa 'ya'yan da suka mutu laifin mutuwarsu, a gaban ubansu. Ba su san kalmar karma ba, amma hankalinta suke amfani da shi. A ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba, ya kuma sa Ayuba ya yi musu addu'a. Ku lura, shi Ayuba ba a taɓa gaya masa dalilin abin da ya same shi ba.

A Yahaya sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Masu son haɗa akidun biyu suna son wannan wuri ƙwarai: yaya mutum zai yi zunubi kafin a haife shi in bai taɓa rayuwa ba? Mu ce ma almajiran hakan suke nufi. Ai da Yesu ya yarda da akidar, babu lokacin da ya fi wannan dacewa ya bayyana ta. Sai ya ture zaɓin biyu duka, ya tofa yawu a ƙasa, ya kwaɓa laka, ya shafa wa mutumin a ido, ya tura shi wankewa a tafkin Siluwam. A Luka sura 13 ma, da ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta rufta musu, ya musanta cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

Na san wani zai ce Bulus ya rubuta wa Galatiyawa cewa mutum yana girbin abin da ya shuka, kuma mu da kanmu muna cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Haka ne. Babu addinin da ya ce aiki ba shi da sakamako. Amma cewa mugunta na jawo wahala magana ɗaya ce, cewa duk mai wahala mugu ne wata magana ce daban. Sannan girbin da Bulus ke nufi yana hannun Alƙali mai rai, wanda ake roƙo kuma yake yafewa. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya amsa da bakinsa cewa hukuncinsa daidai ne, amma aka yi masa alkawarin Firdausi a ranar, ba tare da wata rayuwa da zai dawo ya biya ba. Kiristoci suna kiran wannan alheri, kuma ma'anarsa ita ce samun abin da ba ka cancanta ba. Tsakiyar addinin kuwa gicciye ne: wanda babu laifi a kansa ya sha azaba saboda masu laifi. In karma doka ce marar togiya, ko dai Yesu bashinsa yake biya, ko kuwa dokar ta karye. Kirista ba zai iya faɗin na farko ba.

Hujjoji biyu da masu haɗa akidun suke yawan kawowa ba za su ci mana lokaci ba. An ce Yahaya Mai Baftisma Iliya ne ya dawo. Amma a labarin Littafi Iliya bai mutu ba, ɗauke shi aka yi, kuma da aka tambayi Yahaya ko shi ne Iliya, cewa ya yi a'a. An kuma ce Ikkilisiya ta farko ta yarda da dawowar rai har sai da sarki Justiniyan ya sa aka soke ta a taron Kustantiniya na 553. Abin da aka la'anta a zamanin shi ne ra'ayin da ake jingina wa Orijin na Iskandariya, cewa rayuka sun wanzu kafin jiki. Shi Orijin ɗin, a sharhinsa na Matiyu, ya ƙi yarda da ƙaurar rai daga jiki zuwa jiki, kuma Tartuliyan na Kartaj ya riga shi sukar akidar. Ibraniyawa 9:27 ta tsayar da mutuwa sau ɗaya sannan shari'a, katikisim ɗin Katolika na 1992 ma ya maimaita haka ƙarara. Fatan Kirista tashin matattu ne, da wannan jikin, da wannan sunan, da tunanin abin da mutum ya aikata. Wanda ake hukuntawa kan laifin da ba ya iya tunawa, ta yaya zai tuba?

Adalci ya sa in ƙara abu biyu. Buddha da kansa ya ce ba kowane ciwo ne daga aikin baya ba. Wani daga jiki yake, wani daga sauyin yanayi, wani daga sakaci. Mabiya Hindu da yawa kuma za su ce maka karma izini ce ta taimako, domin wanda ya wuce mabuƙaci ya shuka tasa. Duk da haka an ga inda harshe ke zamewa. A 1999 aka sallami Glenn Hoddle daga horar da 'yan ƙwallon Ingila bayan ya danganta naƙasa da karmar wata rayuwa. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya, ya yi ta yaƙi da masu kafa hujja da ita don danne waɗanda ake ƙasƙantarwa saboda asalinsu, har ya bar addinin Hindu a 1956. Na biyu, zamewar nan tana cikin coci ma. Mai wa'azin da ya gaya wa matar da ba ta haihu ba cewa ƙarancin bangaskiyarta ne, ko ya ce wa mahaifin mai sikila akwai la'ana a gidansu, Bildad ne ya sa kwat.

Kirista kuma ya san abin da ya rasa da ya ƙi karma: ya rasa amsa. Ba zai iya gaya wa uwar jaririn nan dalilin da ya sa nata ne ba. Abin da addininsa ya ba shi shi ne Allahn da ya shiga wahalar da kansa, da umarnin ya zauna kusa da mai ita.

Akwai waɗanda suka gwada haɗin da gaske. Allan Kardec ya fitar da littafinsa na ruhohi a Faransa a 1857, kuma yau mabiyansa miliyoyi ne a Brazil, suna karanta Linjila, suna da asibitoci da gidajen marayu. Amma kafin haɗin ya zauna sai da suka mayar da Yesu malami kuma abin koyi, suka ajiye fansa ta gicciye, suka fassara tashin matattu da sake dawowa. Limaman Katolika na Brazil sun ce wannan wani addini ne daban, ni ma a nan na tsaya.