Ɗalibin Harshen Koriya: Guzurinsa, Wahalarsa da Amanar da ke Wuyansa

  

Abin da aka nemi in yi bayani a kansa shi ne halin ɗalibin da ya ɗaura niyyar koyon harshen Koriya da al'adunta, tun daga ranar da ya fara sanin baƙaƙenta a nan Lafiya, har zuwa ranar da Allah ya nufe shi da zama a ƙasar Koriya. Mai yiwuwa wani dattijo ya ce, me ya haɗa ɗan Lafiya da mutanen da ke can ƙarshen gabashin duniya? Amsa ita ce sun riga sun shigo gidajenmu tun kafin mu yi tunanin zuwa nasu, domin wayar Samsung da ke aljihun da yawa daga cikinmu, da firjin LG, da motocin Hyundai da Kia da ke bin hanyar Akwanga, duk aikin hannunsu ne. Matasanmu kuwa sun sha hira da dare a kan fim ɗin Jumong. Nijeriya da Koriya ta Kudu sun ƙulla hulɗar jakadanci a 1980, kuma tun 2010 akwai Cibiyar Al'adun Koriya a Abuja, inda ake koyar da harshen da wasan takwando. Tun da mu'amala ta riga ta ƙullu, abin da ya rage shi ne mu zaɓa: ko mu tsaya a matsayin masu saye kaɗai, ko kuwa a sami waɗansu daga cikinmu da za su ji maganar masu sayarwa, su karanta littattafansu, su san sirrin sana'arsu.

Koyon harshen wata al'umma ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi, gama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu da ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu, shi kuwa ya koya cikin ƙanƙanen lokaci. Koriya ma kanta malamanmu na da sun san da ita, domin Ibnu Khurdazbih ya ambaci ƙasar Sila a littafinsa na hanyoyi da dauloli tun ƙarni na 9 na Miladiyya, Sila kuwa daula ce daga daulolin Koriya.

To, farkon abin da ɗalibi zai haɗu da shi shi ne rubutu, kuma a nan ne zai sami sauƙin da bai zata ba. Shekaru aru-aru mutanen Koriya suna rubutu da alamomin Sinawa, waɗanda sai mutum ya haddace dubbai kafin a kira shi mai karatu, saboda haka ilimi ya zama gādon 'ya'yan manya, talaka kuwa, ko an zalunce shi, ba shi da ikon rubuta ƙararsa. Wannan hali ne ya dami Sarki Sejong, ya tsara sababbin baƙaƙe a 1443, aka bayyana su ga jama'a a 1446, su ne ake kira Hangul. A asali 28 ne, yau 24 ake aiki da su, baƙaƙe 14 da wasula 10, kuma an zana baƙaƙen bisa kamannin harshe da leɓe da haƙori da maƙogwaro a lokacin furuci. Waɗansu manyan malaman fada sun yi inkarin wannan aiki, suna ganin ƙasƙanci ne a bar rubutun magabata, har ya zama mata da talakawa ne suka fi riƙe shi, bai shiga takardun hukuma sosai ba sai a 1894. Wanda ya san yadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u suka yi wa'azi da waƙoƙin ajami, domin ilimin da ke cikin Larabci ya isa ga makiyayi da matar da ke cikin gida, ba zai rasa gane manufar wannan sarki ba. Ɗalibi mai himma yakan iya haɗa baƙi cikin 'yan kwanaki.

Amma kada sauƙin baƙaƙe ya ruɗe shi, domin daga nan ne hawa ke farawa. A wajen furuci, Bahaushe yana da wata falala, gama kunnen da ya saba rarrabe ka da ƙa, da da da ɗa, ba zai yi mamaki ba in an ce masa a harshen Koriya baƙi ɗaya yana da fuska uku, mai taushi, da mai fitar da iska, da mai tsauri. A wajen nahawu kuwa, sai ya juya tunaninsa, domin su aikatau a ƙarshen jumla yake zuwa, ana kuma liƙa wa suna ɗafi a bayansa don a nuna ko shi ne mai aikatawa ko wanda aka aikata wa. Abin sha'awa, haka ginin jumla yake a harshen Barebari, wanda Muhammadu Dunama da jama'arsa suka zo da shi daga Borno lokacin da suka kafa garin nan. A wajen lugga, kaso mai yawa na kalmominsu daga Sinanci aka aro su, musamman na ilimi da shari'a da mulki, kamar yadda Larabci ya zame wa Hausa. Suna kuma da ƙidaya iri biyu, ta gargajiya da ta aro, har in za a faɗi lokaci, sa'a da ɗaya ake faɗinta, minti da ɗaya.

Mas'alar da ta fi duka nauyi ita ce ta girmamawa. A wurinsu ƙarshen aikatau yana sauyawa gwargwadon matsayin wanda ake yi wa magana, ta yadda ba ya yiwuwa mutum ya ce ko da "na ci abinci" ba tare da ya bayyana ko yana gaban babba ne ko tsara ko ƙarami ba. Shi ya sa tambayar shekaru takan zo da wuri in an haɗu. Ba a kiran babba da sunansa tsirara, ana miƙa masa abu da hannu biyu, ba a fara cin abinci sai ya fara. Baturen da ya tashi yana kiran malaminsa da suna yakan sha wuya a nan, amma yaron da aka yi wa tarbiyya a Lafiya, wanda ya san tuɓe takalmi a zaure, da rusunawa gaban dattijo, da alkunyar sunan ɗan fari, ya riga ya mallaki ruhin abin, sai dai a koya masa lafazinsa. Ku ƙara da cewa ɗan wannan jiha tamu ta Nasarawa yakan tashi da harshe biyu ko uku a bakinsa, Eggon ko Alago ko Gwandara ko Migili a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta, Larabci a Islamiyya. Wannan guzuri ne babba, kuma haƙiƙa 'ya'yanmu ba su san darajarsa ba.

Yanzu bari mu dubi rayuwarsa ta yau da kullum. Wanda ke nan gida, malaminsa na farko wayarsa ce, domin Cibiyar Sarki Sejong, wadda gwamnatinsu ta kafa don yaɗa harshen, tana da darussa a intanet. Amma sai ya yi fama da kuɗin data, da ɗaukewar wuta, da rashin abokin muzakara, wanda shi ne mafi ciwo, gama harshen da ba a magana da shi ba ya zama a baki. In yana son aji na ido da ido, sai ya kama hanyar Akwanga da Keffi, ya jure cunkoson Mararaba kafin ya shiga Abuja. Fina-finai da waƙoƙi suna gyara kunne, wannan gaskiya ne, amma wanda ya tsaya a kansu zai iya maganar masoya da ta fada, ya kasa rubuta wasiƙar neman aiki. Ma'aunin da ake dubawa shi ne jarrabawar TOPIK, mai daraja shida, kuma ba ta san sha'awa ba, sai muraja'a da rubutu da haddar kalmomi kullum, kamar yadda gardi ke yi da allonsa kafin asuba.

Wanda Allah ya ba shi rabo ya sami tallafin karatu na gwamnatin Koriya, wanda ake nema ta ofishin jakadancinsu ko ta jami'o'insu, za a biya masa kuɗin jirgi da na makaranta, a riƙa ba shi na kashewa duk wata, sa'an nan a ajiye shi shekara guda ba ya komai sai koyon harshe, kuma sai ya kai daraja ta uku a jarrabawar TOPIK kafin a bar shi ya shiga karatun digiri. A wannan shekara ce ake gane namijin ɗalibi da macen ƙwarai. Zai tarar da sanyin da ba a taɓa yin irinsa a hunturunmu ba, wanda ruwa ke daskarewa a cikinsa a watan Janairu. Zai tarar da shinkafa da kimci, wato kabeji da aka tsima da barkono da tafarnuwa, a kusan kowane ci. Zai tarar da jama'a masu gaggawa, waɗanda ba sa ɗaukar makara da wasa, da ɗakunan karatu cike har tsakar dare. Zai kuma ɗanɗani kaɗaicin baƙunta, musamman a ranakun manyan bukukuwansu biyu, na sabuwar shekarar wata da na kaka, sa'ad da kowa ya tafi garinsu, ɗakunan kwanan ɗalibai suka yi tsit. Haka nan ranar Salla za ta zo masa yana cikin aji.

Sai kuma mas'alar addini, wadda ba ya halatta in tsallake ta. Naman alade yana da yawa a abincinsu, har a cikin romo da abin da ba a zato, kuma zaman shan giya bayan aiki ko karatu al'ada ce mai ƙarfi da suke ƙulla zumunci da ita. Musulmi a ƙasar kaɗan ne. Musulunci ya sake kafuwa a can ta hannun sojojin Turkiyya da suka je lokacin yaƙin 1950 zuwa 1953, kuma babban masallacin Seoul, a unguwar Itaewon, an buɗe shi a 1976. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya koyi karanta abin da aka rubuta a jikin kayan abinci, ya koyi yadda zai ce ba ya ci ko ba ya sha da lafazi mai ladabi wanda ba zai kunyata mai masaukinsa ba, ya san bambancin sunkuyar da kai na gaisuwa da faɗuwa ƙasa irin ta bukukuwan tunawa da kakanni, ya kuma tambayi malamansa hukuncin waɗannan abubuwa tun yana gida. A nan za ku ga cewa ƙwarewa a harshe ita ce garkuwar addininsa, domin wanda ba ya iya bayani, ko dai ya ci abin da aka ba shi, ko ya kulle kansa a ɗaki, kuma dukansu biyu hasara ne.

Mece ce fa'idar duk wannan wahala? Koriya ta Kudu ƙasa ce da faɗinta bai kai ninki huɗu na Jihar Nasarawa ba, mutanenta sun ɗan haura miliyan 50, ba ta da man fetur. Japan ta mulke ta daga 1910 zuwa 1945, har aka kai ga korar harshensu daga makarantu, aka kama malaman da ke tsara ƙamusunsa a 1942, waɗansu suka mutu a kurkuku; bayan haka yaƙi ya rushe biranenta. Amma da suka tashi gina ƙasa, da harshensu suka yaƙi jahilci, da shi suka koyar da lissafi da likitanci da ƙira, har yau da shi suke karantar da injiniyoyinsu. Wannan, a ganina, shi ne darasi mafi girma da ɗalibinmu zai ɗauko. Mu ma mun fara irin wannan tafiya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, sa'an nan muka yi sanyi. Ku sani kuma, a Jami'ar Hankuk ta Nazarin Harsunan Waje ana koyar da Hausa, wato akwai 'ya'yan Koriya da ke wahala da karin sautinmu kamar yadda namu ke wahala da nahawunsu. Sun ga amfanin sanin harshenmu. Bai kamata mu kasa ganin amfanin sanin nasu ba.

Akwai kuma fa'ida ta kusa. Jiharmu tana cikin manyan masu noman riɗi, su kuwa man riɗi ba ya rabuwa da girkinsu. Ƙasarmu tana da ma'adinin litiyom, su kuwa suna cikin manyan masu ƙera batir a duniya. Ranar da za a zauna ciniki a kan waɗannan abubuwa, ya fi mana alheri a ce tafintan ɗanmu ne, mai amana, wanda ya san haƙƙin manomin Doma da na garuruwan da ake haƙar litiyom a cikinsu.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Lafiya da sauran manyan makarantun jihar nan da su nemi hanyar buɗe ajin wannan harshe, ko da na maraice ne, domin a rage wa yara zirga-zirgar Abuja. Ina kira ga iyaye da kada su hana ɗa ko 'ya wannan nema saboda tsoro, amma su cika musu guzurin addini da tarbiyya kafin su sa musu albarka. Ku kuwa ɗalibai, ku haɗa harshen da wata sana'a, noma ko injiniyanci ko likitanci ko kasuwanci, domin harshe shi kaɗai ba ya ciyarwa; ku gyara Hausarku da harsunan iyayenku, domin wanda bai iya nasa ba ba zai iya fassara na wani ba; in kun tafi kuma, ku tuna ilimin da kuka samo amana ce ta mutanen da suka yi muku addu'a, ku komo ku karantar da shi a nan.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya tsare 'ya'yanmu a duk inda suke, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.