'Ya'yan Itatuwa da Gigin Tsufa: Daga Indiya zuwa Ƙasar Gobir

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Kaso mai yawa na tarihin Alkalawa, tun daga zamanin Bawa Jangwarzo har zuwa faɗuwar birnin a 1808, ta bakin tsofaffi ya iso gare mu. Don haka duk cutar da ke cinye tunanin dattijo asara ce ga al'umma baki ɗaya. Wannan cuta ita ce gigin tsufa, wadda ke sa mutum ya mance sunan ɗansa, ko ya ɓata a unguwar da aka haife shi. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ita a 2021, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu tasowa.

A 'yan shekarun nan ana ta tallar magungunan gargajiya na Indiya da sunan rigakafin wannan cuta. Mafi shahara shi ne Triphala, wato haɗin busassun 'ya'yan itatuwa uku: amla, haritaki da bibhitaki. Indiyawa sun daɗe suna amfani da shi, musamman don gyaran ciki, kuma ƙasarsu ta ɗauki maganin gargajiya da muhimmanci har ta kafa masa ma'aikata a 2014. Amla na da sinadarin bitamin C mai yawa, kuma gwaje-gwaje sun nuna alamar tana kare ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Sai dai mafi yawan gwaje-gwajen a kan ɓeraye aka yi su, kuma har yau babu ingantaccen binciken da ya tabbatar cewa haɗin yana hana ɗan'adam gigin tsufa. Kada mai talla ya raba mu da kuɗin hatsinmu a kan alkawarin da masana ba su yi ba.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne itatuwan Indiya ba baƙi ba ne a gare mu. Haritaki da bibhitaki dangin baushe ne. Magaryarmu ita ce Indiyawa ke kira ber, tsamiya kuwa Larabawa na ce mata dabinon Indiya. Zogale da dogon yaro daga can suka zo. Muna kuma da kuka, wadda garin 'ya'yanta ke cike da bitamin C, har Tarayyar Turai ta amince da sayar da shi a matsayin abinci a 2008. Su ma ba maganin gigin tsufa ba ne, amma abinci ne mai gina jiki da ke bayan gidanmu.

To, mene ne aka tabbatar? A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda, in an magance su, za a iya hana ko jinkirta kimanin kashi 45 cikin ɗari na cutar. Daga cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, kurumta, raunin gani, ƙarancin ilimi da kaɗaici. Wannan na ƙarshe ya shafe mu ƙwarai, domin rashin tsaro ya raba tsofaffi da dama a Sabon Birni da Isa da garuruwansu da abokan hirarsu.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara uku. Na ɗaya, a riƙa auna jini da suga kyauta ga dattawa a duk taronmu. Na biyu, mu hana sare kuka, tsamiya, magarya da aduwa don gawayi, mu kuma dasa sababbi. Na uku, wanda ya ga ruɗewa ta kama mahaifinsa ya kai shi asibiti, kamar na ƙwaƙwalwa da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma ya gaya wa likita duk sassaƙen da yake sha.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba iyayenmu tsufa mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.