Tasirin Iska a kan Ƙarfin Dainamon Tsofaffin Motoci

Dainamo shi ne na'urar da ke cajin batir a motocin da aka ƙera kafin altaneta ta yaɗu a shekarun 1960. Injin mota ne ke juya shi ta hanyar bel, kuma zafi ne ke yanke masa iyakar wutar da zai iya bayarwa.

A cikin dainamo akwai sanda mai juyawa wadda aka nannaɗe da wayar jan ƙarfe, a nan ake samar da wutar. Duk wutar da ta ratsa waya sai ta haifar da zafi, kuma idan wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Shi kuma jan ƙarfe, duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ƙara masa taurin kai wajen barin wuta ta wuce da kimanin kashi 0.4 cikin 100. Ga shi wayar tana can tsakiyar gangar ƙarfe, inda zafi ba ya samun mafita cikin sauƙi. In abin ya yi yawa, rufin wayar ya ƙone, dalmar da ta haɗa bakin wayoyin ta narke ta fantsama a jikin gangar. Mai gyara da ya buɗe dainamo ya ga ɗigon dalma kewaye da cikinsa, ya san zafi ne ya kashe shi.

Maganin da maƙera suka samo shi ne iska. Sun huda murfin gaba da na baya, suka ɗora farfela a bayan fulin da bel ke ja. Farfelar tana zuƙo iska daga baya, ta bi ta kan wayoyi da burushin da ke ɗauko wutar daga cikinsu, ta fice ta gaba ɗauke da zafin.

Dainamon kamfanin Lucas na Bamingham a Ingila ya nuna girman bambancin. Samfurin C39 mai kafofin iska yana ba da amfiya 19, amma rufaffen da aka yi wa taraktoci saboda ƙurar gona amfiya 11 kawai aka amince masa. Samfurin C40, wanda aka sa wa motocin Morris Minor da Mini, yana kai amfiya 22.

Iska ba ta ƙirƙirar wuta da kanta, tana dai ba dainamo damar ɗaukar kaya mai nauyi ba tare da ya ƙone ba. Don haka dole a daidaita regileta, wato na'urar da ke ƙayyade wutar da dainamo ke bayarwa, da irin dainamon da ke jikin motar, domin saitin mai kafofi zai halaka rufaffe. Wajibi ne kuma a riƙa share ƙura da maiƙon da ke toshe kafofin, a tabbatar farfela ba ta karye ko lanƙwashe ba, kuma bel bai saki ba.