Me Ke Cikin Kofin Baƙonmu?

 Karatunmu na yau yana cikin Nehemiya sura 1 da ta 2, da Romawa 14:13-21.

Kafin Nehemiya ya gina garun Urushalima, aikinsa shi ne miƙa wa Sarki Artashate abin sha. Ba kowa ake ba wannan aiki ba, gama ran sarki yana hannun mai riƙe da kofin. Sai amintacce.

A Amurka da Ingila, mai biki yakan yi hayar wani gwani ya zo ya haɗa wa baƙi abin sha. Gwanin yakan zo da kwalabe, da ƙanƙara, da sukari, da ruwan lemo, ya gauraya su da barasa. Wannan haɗin shi ake kira koktel. Al'adar ta iso Legas da Abuja, har wasu 'ya'yanmu suna roƙo a yi musu haka ranar aurensu. To, bari mu san abin da ake zubawa.

Wuski daga hatsi ake yin sa, kamar masara ko sha'ir. Akan jiƙa hatsin ya yi tsami, a dafa, a tara tururin. Abin da ke ɗigowa fari ne fat kamar ruwa. Launin ja da ake gani daga gangar katako yake samuwa. A Sikotilan doka ta ce sai ya shekara 3 cikin ganga kafin a kira shi wuski. Amma a Amurka ana sayar da farin da bai kwana a ganga ba. Irinsa ne ake dafawa a ɓoye lokacin da ƙasar ta hana sayar da giya, daga 1920 zuwa 1933. Ƙarfinsa yakan kai kashi 40 cikin 100, ko fiye, wato wajen ninki takwas na giyar kwalba. In aka rufe shi da zaƙi, harshe ba ya faɗakar da mai sha. Yarinyar da ba ta taɓa sha ba sai ta ɗauka lemo ne.

Farar barasa kuma ba ta nuna gubarta. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai ɗauke da gubar metanol. Idonsu bai ga bambanci ba.

Wani zai ce, ai Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi a Kana. Gaskiya ne. Amma ko a can akwai uban biki wanda ya ɗanɗana, ya san abin da ake ba jama'a. Manzo Bulus kuma ya gargaɗe mu kada cinmu ko shanmu ya sa ɗan'uwa tuntuɓe.

'Yan'uwa, ana hayar ma'aikaci, amma ba a hayar mai ɗaukar alhaki. Mu muka kira bikin. Cikin baƙinmu akwai wanda ya tuba daga shaye-shaye bara, yana fama har yanzu. Akwai matasa. Akwai direban da zai mai da 'yan zumuntar mata gida da dare. In ɗayansu ya fāɗi, ba za mu ce wa Allah laifin ɗan haya ne ba.

Saboda haka, in za mu ɗauki mai haɗa abin sha, mu zauna da shi tun da wuri. Mu faɗa masa sarai ba ma son barasa, mu duba kwalabensa da idonmu. Gwani na gaske zai iya ƙawata zoɓo, da kunun aya, da tsamiya, da citta, baƙi su sha su koma lafiya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka mai da mu amintattu kamar bawanka Nehemiya, domin wanda ya karɓi kofi daga hannunmu ya sha ba tare da tsoro ba. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.